Littafin Layi

Ƙarfe biyar da rabi, an sallame asuba,
ina ƙofar gidan gurzar auduga na Garwa
da baƙin littafi a hammata.
Mutum ɗari da ashirin a tsaye.
Gurbi goma sha tara.

Da can ba haka ake yi ba.
Shef Abbo kan fito da 'yar sanda,
ya taɓa kafaɗar wanda ya kai masa zabo jiya
ya ce, shige.
Hamajoda ya yi kaka tara yana jan dila,
inji ya cinye masa yatsu biyu,
kaka ta goma aka ce ba a san fuskarsa ba.

Kan haka muka zauna a ƙasa kwana goma sha ɗaya,
motocin kaɗa suka yi jere har gadar Binuwai,
tukunyar gidana ta huta,
kafin mai kamfani ya sa hannu:
ba ɗauka sai ta littafin sindika,
wanda ya riga tsufa a aikin ya riga shiga.

Bara ya kira ni ofis, ya ba ni ruwan sanyi,
ya ce ƙanen matarsa yaro ne mai natsuwa.
Na shanye ruwan.
Na ce lambarsa tamanin da huɗu.

To yau ga Dairu, ɗan cikina,
lamba ashirin da uku.
An sa bikinsa bayan Babbar Sallah,
ko katifa bai saya ba.
Jiya uwarsa tana kwashe tuwo ta ce,
wane irin mai rabon nama ne
gidansa ke kwana da miya lami?

Ga wani yaro kuma daga Gidar,
silifa ɗaya ɗaure da waya.
Ba shi da kati.
Kati sai da kuɗin wata uku,
kuɗi sai da aiki, aiki sai da kati.
Sau uku ina tayar da zancen a taro,
ana cewa, Sakatare, bari sai gaba.

Na lashi yatsa, na buɗe shafi.
Sha bakwai, Sali Bappa.
Sha takwas, Tizi Wasu.
Sha tara,
alƙalami ya ɗan yi nauyi,
Bakari Jauro.

Na rufe.

Dairu ya juya kekensa bai dube ni ba,
sarƙar ta zame, ya durƙusa yana mayarwa.
Inji ya tashi a ciki.
Farin kaɗa ya fara sauka a gemuna,
ni da sauran mutum ɗari da ɗaya.