Tabaryata a Gaban Alƙali

Ran Laraba na sake yafa mayafi,
na bar wake a wuta, na ce Yasira ta duba.
Daga Unguwar Shanu zuwa babbar kotu
kuɗin Keke ya cinye mini ribar ƙosan safe.
Zama na bakwai ke nan.
Mai gadin ƙofa ya daina tambayar wurin wa na zo.

Shitu na tsaye cikin akwatin katako.
Ya rame, gemu ya cinye masa fuska.
Rigar jikinsa na san ta,
Barira ce ta wanke ta a bakin famfo,
ta shanya a igiyata don tata ta tsinke.

Lauyansa ya miƙe da baƙar riga da gashin aro.
Ya ce santsi ne,
ya ce ruwan wanke-wanke ne a bakin ƙofa,
ya ce mai hawan jini ko iska ma kayar da ita take.
Tafinta ya juyo mana da Hausa,
maganar ta iso a sandare kamar tuwon jiya.

Sai aka kwance wata leda.
Shaida ta huɗu, in ji magatakarda.
Tabarya ce, an manna mata takarda da lamba.
Na san tsagar da ke wuyanta,
na san inda tafina ya goge ta har ta yi sheƙi.
A kasuwar Kawo na saye ta, shekarar da na yaye Yasira.
Da la'asar Barira ta leƙo ta ce,
Uwani, ara mini, yaji zan daka,
gobe da sassafe in maido.

Bango ɗaya ne tsakaninmu,
ko tari aka yi can, nan ake cewa sannu.
A daren na ji.
Na ji kwano ya faɗi yana juyi a siminti,
na ji an kira sunan Allah,
na ji an kira nawa.
Na ce ai harshe da haƙori ma sukan saɓa.
Na ƙara wa rediyo murya.
Farashin taki ake faɗa.

Da 'yan sanda suka zo, mu tara ne a tsakar gida,
kowa ya ce barci ya yi.
Mai gida ya ce a rufa wa gida asiri
kada 'yan haya su watse.
Ni ma na ce barci.

Uwarta daga Kachia take zuwa, tun asuba.
Tana zama bencin gaba da carbi a hannu,
ba ta jin Turanci, fuskar alƙali take karantawa.
Duk tashi sai ta kamo hannuna: Sun gama?
In ce an ɗage, Inna.
Wancan karon likita ne bai zo ba,
kafin nan motar gidan yari ce ba mai.
Yau an ce sai bayan Sallah.
Ta ce Allah ya yi mini albarka da nake zuwa,
ta ce maƙwabci ya fi ɗan'uwa na nesa.
Da ta mare ni da ya fi sauƙi.

Turmina na nan a kife tun damina.
Ban sayi wata tabaryar ba.
In an yi daka a gidan baya
nakan tashi in shiga ɗaki.

Mutane suka fita, fanka ta tsaya.
Lauyar gwamnati na cusa takardu a jaka.
Na tsaya a bayanta har ƙafata ta yi sanyi,
na ce, ranki ya daɗe, tabaryar nan tawa ce.
Ba ta ɗago ba.
Ta ce sai an gama shari'a za a ba ki, Baba.

Na ce ba ita na zo karɓa ba.

Ta dube ni.
Ta ajiye jakar,
ta cire murfin biro da haƙori.