Hannun Dama

Da rana hannun nan nawa ne.
Shi ke ɗinke taru a bakin Bahar, nan Maiwurno,
ƙarƙashin dalbejiyar Baba Sambo,
ƙulli bayan ƙulli, ba ya tsallake ido ɗaya.
Da dare sai ya sake ubangida.

Ina jin rediyo, ko ina lissafin bashin zare,
sai ya lallaɓo kamar ɓera a rumbu,
ya hau haɓa, ya kutsa gemu,
yana laluben gashi guda, mai kaushin nan,
wanda ya ƙi kwanciya irin ta 'yan'uwansa.
Ya same shi. Ya fizge.
Zafi kaɗan, sannan sanyi
irin na kurɓin farko daga randa.
Kafin in farga, an share fili a gefen hagu,
faɗin bakin kofin shayi.

Wanzami ya ce makero ne.
Surukata ta ce iska ce, ta aiko da turare.
Liman ya dube ni a sahu bai ce uffan ba,
wannan ya fi sauran ciwo.
Na ja rawani har leɓe cikin zafin bazara,
mutane suka zaci tsoron Allah ne ya ƙaru.

Dakta Awadiya a Sinnar ba ta ba ni ƙwaya ba.
Littafin 'yan firamare ta miƙo, da fensir.
Ta ce da Larabci, sannu-sannu don kada in ɓace:
"Kada ka yaƙe shi tukuna. Yi gadinsa.
Rubuta yaushe, a ina, da abin da ke ranka kafin ya tashi."

Makon farko, sittin da uku.
Bayan isha'i. A kan gadon igiya.
Duk sanda Kaltume ta ambaci kuɗin makaranta.
Ashe ɓarawon yana sallama, ni ne ban taɓa ji ba:
ɗan ƙaiƙayi a ƙasan leɓe,
gwiwar hannu ta nemi cinya ta kafu,
sai yatsu su kama hanya.

"In ya yi sallama," in ji ta, "dunƙule hannun,
danne shi a cinya har minti guda.
Abin yana hawa ne kamar ruwan damina,
ya kai wuya, sannan ya janye da kansa."
Na yi dariya. Ɗan kogi za a koya wa ambaliya?
Daren nan na dunƙula.
Minti guda ya fi tafiya Madani a ƙafa.
Gumi ya jiƙa wuyan jallabiya.
Ruwan ya hau, ya hau, ya tsaya.
Ya janye.

Na naɗa filasta a babban yatsa da manuni,
makaho ba ya zaɓen gashi.
Na yanki guntun tsohon taru na sa a aljihu,
yatsu su sami ƙullin da za su yi wa tsegumi.
Kaltume ta bar cewa "ka sake ko?"
Cokali take bugawa a jikin kofi, sau ɗaya,
ko baƙi na nan ba mai ganewa.

Sittin da uku ta koma ashirin, ta koma tara.
Sai aka sace injin jirgin ƙanena.
Dare ɗaya ya cinye mako biyar.
Da asuba na ga gashin a kan matashi
kamar ƙayar kifi bayan an tashi daga akushi.
Na ƙi komawa Sinnar. Kunya.
Na zauna gaban tarun Baba Sambo da kada ya yaga,
ina ɗinki, ina zagin kaina,
har na lura daga ina nake kamawa:
daga ƙulli na ƙarshe da bai kwance ba.
Ranar Talata na hau mota.

Jiya huɗu.
'Yata Rumana ta hau cinyata da fitilar waya
tana ƙirga sabon tsiro.
Ta ce, "Baba, farare suke fitowa."
Na ce su fito yadda suka ga dama.
Hannun yana cikin aljihu lokacin,
yana juya ƙulli, yana saurare.