Safiyar Kaguwa a Staithes

Ƙarfe shida nake buɗe ƙofarsa,
in ɗage labule, in haɗa shayi,
in jera masa ƙwayoyin magani a faranti.
Tsoho Hedley ya manta sunan 'yarsa,
ya manta ko ya ci ko bai ci ba,
amma tambayar safiya ba ta taɓa kuɓuce masa ba:
"Ruwa ya janye ne, ko yana shigowa?"

Ni Tasalla ce, ɗiyar Magawata na Yawuri.
Shi Tesi yake ce mini, na ƙyale shi.
Shekara hamsin yana jefa kwanduna a teku,
ubana arba'in yana jan taru a Kwara.
Ban taɓa gaya masa ba,
amma tafin hannunsu iri ɗaya ne:
igiya ta ci, ta bar kanta.

Yau na tura kekensa zuwa gaɓa.
Wari ne ya tarye mu tun daga gada.
Kaguwa, ya Jalla, kaguwa
tsibi-tsibi, kamar an zazzage buhunan gyaɗa,
ciki sama, ƙafafu a sake,
wasu kamar farce, wasu sun cika tafi.
Tsuntsayen teku da ko ledar burodi ba sa bari
sun koma gefe, sun zuba ido, sun ƙi ci.

A shagon kifi kowa da tasa.
Wannan ya ce yasar bakin kogi ce
ta tono dafin da masana'antu suka binne tun kakanni.
Wancan ya ce bututun ƙazanta ne
da ake saki duk daren da sama ta zubar.
Wata ta ce ai tekun ne ya yi zazzaɓi.
Masu farar riga sun ɗebi ruwa a kwalba,
sun ce a jira takarda.
Ni dai abin da na sha a nono:
ruwa ba ya tsami banza.

Ina 'yar shekara tara
aka zuba gamalin a gurbin bayan garinmu.
Karfasa, kurungu, har 'ya'yan giwan ruwa
suka taso fari fat, kowa na kwasa da kwarya.
Baba bai ɗauki ko ɗaya ba.
Ya zauna a kan kwalekwale yana ɗinkin koma, ya ce,
"Wanda ya kashe kifi da ƙwansa
tuwon jikansa ya ci."

Ni ma ba na wanke kaina.
Safar hannun roba goma a yini,
ƙyallen goge jiki, ruwan wanke masai mai yaji,
in danna, su tafi, in ce sun tafi.
Ina suka tafi?
Ga ɗaya can, shuɗiya, ta naɗe a ciyawar teku,
yatsu biyar a miƙe kamar tana yi mini daƙuwa.

Hedley ya nuna da sanda. Na ɗauko masa.
Ya juya ta, ya shafa cikin da babban yatsa:
ƙwai ne maƙil, ja kamar manja.
"Mai ciki ce," ya ce, "ba a taɓa su.
Mayar da ita, Tesi, maza."

Ta mutu, Baba. Amma ban faɗa ba.
Na cire takalmi, na taka duwatsu masu santsi,
sanyi ya sare ni har gwiwa,
na ajiye ta a wani ɗan kwarmin ruwa
inda gansakuka ke lilo.
Ba ta motsa ba.
Can ƙarƙashin dutse wata 'yar mitsila
ta leƙo, ta yi tafiyarta ta gefe, ta ɓuya.

Da na dawo, bargonsa ya zame.
Ya dube ni kamar baƙuwa,
ya dubi teku kamar ɗan ɗakinsu.
"Ruwa ya janye ne, ko yana shigowa?"
Na ce, "Yana shigowa, Baba."
Ya ce, "To, a shirya kwanduna."