Uku Cikin Biyar

A ɗakin ƙasa na ofishin rajistar jami'a,
inda taga ɗaya tak ke kallon takalman masu wucewa,
nan na yi shekara goma sha tara.
Signe Aaltonen, haka aka rubuta a ƙyaure,
harafi ɗaya ya faɗi tun bara, ba wanda ya mayar.

Duluth, watan Fabrairu. Bakin tafki ya daskare,
jiragen dakon tama sun yi likimo a tasha,
sai ga takarda ta sauko daga bene:
bana babu rabon kowa da kowa,
ƙarin albashi sai gwargwadon ƙwazo.
Akwati biyar a jere kamar haƙoran yaro,
cikin ɗaya za a dura shekarata.

Mista Pruitt ya kira mu ɗai-ɗai.
Mu goma sha ɗaya ne,
makin biyar da aka ba shi ya raba, guda biyu.
Na ga alƙalami na rawa a hannunsa,
gaba kura, baya sayaki,
shi ma akwai mai auna shi a hawa na huɗu.

Ya ce, fayil nawa kika rufe?
Na faɗa.
Ya ce, waya fa, minti nawa kowane kira?
A nan na yi shiru.

Ina zan sa yarinyar nan ta Oktoba,
wadda ta kira don ta janye daga karatu,
mahaifinta ya rasu a ramin haƙar ma'adinai,
na riƙe wayar minti hamsin,
ba ta janye ba?
Na'ura ta rubuta: kira ɗaya, ya yi tsawo.
Ina zan sa tsohon da ya zo da sanda
neman sakamakonsa na shekara arba'in baya,
na yi kwana biyu cikin ƙurar kwalaye
don jikarsa ta yarda ya taɓa shiga aji?
Mudun nan ba ya ɗaukar irin wannan hatsi.

Uku.
"Ta yi abin da ake tsammani."

Lorna Beaulieu ta sami biyar.
Ba zan ci zalinta ba, hannunta walƙiya ne,
kuma 'ya'ya uku take ciyarwa ita kaɗai.
Amma shekara tara muna raba burodi ɗaya da tsakar rana,
yau ta kai kwanonta cikin mota ta ci.
Ba wanda ya zagi wani.
Bango ne ya tsage,
ƙadangare kuwa ba ya jiran gayyata.

Da dare na baje lissafi a teburin kicin:
dala talatin da ɗaya a wata.
Kuɗin ajiye mota ya ƙaru da ashirin da takwas.
Saura uku.
Na yi dariya har kyanwata ta bar kujera,
ashe ukun nan bina take har gida.

Na koyi darasi, ai ba a tsufa da koyo.
Na kafa ƙaramin agogo kusa da waya.
Minti huɗu: na gode, sai an jima.
Minti huɗu: duba shafinmu, akwai amsa.
Lambobina suka yi kyau kamar amarya,
ni kuwa nakan koma gida
da wani ɗaci da shayi bai wanke ba.

Jiya, ƙarfe biyar saura kwata,
ƙanƙara na narkewa, tana ɗiga a tagar,
wani yaro ya kira.
Ya ce, ban san ma ko nan ya kamata in kira ba.
Sai numfashi kawai.

Agogo ya ci minti uku.
Ya ci na huɗu.
Na ɗago ido, Lorna na kallona ta saman allonta,
rigar sanyinta a kafaɗa, makulli a hannu.

Ta tako a hankali,
ta kifa agogon a kan tebur,
ta ja kujera ta zauna.

Na ce, ina jin ka, ɗana.
Fara daga farko.