Tazara Ɗaya

A Kutaisi, bayan an rufe kantin magani,
Nestan ta zauna share wa kwamfuta tarkace.
Tazara ɗaya ta yi yawa a umarnin,
ta danna.
Garin neman gira, ido ya tafi.

Allo ya yi baƙi ƙirin,
sai ɗigo fari a kusurwa yana ƙiftawa
kamar mai jiran a ba shi haƙuri.

A ciki akwai tsoho Gocha da ƙwayar hawan jininsa,
akwai bashin mai gashin burodi,
akwai yaron da penisilin ke kumbura wa fuska.

Ruwa na dukan taga. Shayi ya huce sau biyu.
Can ƙasan aljihun tebur ta tono filashin
da Otar ya bari ranar ritayarsa,
naɗe da rubutu: "Don ranar da hannu ya riga kai."

Daga jikinsa ta tayar da injin.
Fayil bayan fayil suna komawa
kamar kaji da magariba.
Na Talata kaɗai suka kwana a waje.

Gari ya waye. Ta fere fensir,
tana sauraron sandar Gocha a kan matakala.