Gurbin da Fom Bai Bari Ba

An aiko ni daga Birnin Kebbi da fom mai shafi tara,
da igiyar awo, da kwalaben ɗibar ruwa,
in duba ko filin nan na yamma da Tilli
zai ɗauki shanu dubu biyu cikin shinge ɗaya.

Na fara da gangare.
Na tuntsurar da ruwan buta, na bi shi da ido:
bai yi shawara da kowa ba, ya nufi fadama,
inda shinkafar Arzika ke tsaye, ruwa iya gwiwa.
Hanyar da ruwan buta ya bi,
ita fitsarin garke zai bi da damina.
Na rubuta.

Rijiya gaba shida ce. Na cika kwalba biyu.
Tumba na jan guga, ta ce,
"Ɗan nan, in kun gama, ku auna mana ƙuda.
Nan muke shanya kifi."
Na duba fom. Akwai gurbin wari, babu na ƙuda.
Na rubuta a gefe.

Da azahar Jaɓɓo ya iso, sanda a kafaɗa,
ya tsaya kan turken da na kafa.
"Jan ƙyallen nan naka a tsakiyar burtali yake."
Na buɗe taswira: fari fat, ko layi babu.
Ya nuna min da ƙafa, kofato kan kofato,
tun ba a haifi mai zanen ba.
In an toshe nan, ta ina za su gangara mashaya?
Ta cikin gero.
Sauran labarin kowa ya san shi, har alƙali.

Amma samari bakwai sun raka ni har mota
suna tambayar ranar ɗaukar ma'aikata.
Gado ma har ya sayar da komarsa.
Shi ma nauyi ne a sikeli.

Da dare a masauki, fitila na tara ƙwari,
na iso layin ƙarshe: ya dace, ko bai dace ba?
Akwati biyu, kowanne bai fi ƙwayar wake ba.
Na tsallake su, na rubuta a ƙasa:
a matsar da shingen gabas, kan fako,
a bar wa burtali taku arba'in,
ramin taki ya yi nesa da rijiya,
a sake zama da mutanen Tilli kafin

Nan biro ya ƙafe.
Na fita ba takalmi, na aro na mai masauki.