Bayan An Rufe Labule

An rufe labule, an kashe fitilu,
mai shara na bin ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin kujeru.
Ni kuwa ina gaban madubi mai tsaga
ina ɓamɓare gemun da aka liƙa mini da ƙaro.
Shekara talatin da ɗaya a dandamalin Umdurman,
sai yau na lura
gemun aro ya fi nawa baƙi.

Na yi mai gadi ya fi sau arba'in,
na yi mai shayi, na yi kwandastan bas.
Na mutu sau goma sha bakwai,
biyu daga ciki tun kafin in buɗe baki.
Sarki na yi sau ɗaya, ran da zazzaɓi ya kayar da mai shi;
rawanin ya yi mini yawa, ya zamo ya rufe ido,
aka tuntsire da dariya
daidai inda marubuci ya so a yi kuka.

Ustaz Tajussir ya taɓa ja na gefe:
"Ilu, Larabcinka na ƙanshin kudu. Wanke shi."
Na wanke.
Wata shida ina murza ainun a bakin kogi
har maƙogwaro ya daye.
Amma komai daɗewar gungume a ruwa
ba ya zama kada.

Kudun da yake faɗa, Mai Wurno ce,
inda Shuɗin Nilu ke cin gaɓa da damina,
inda babana ke facin koma da zaren buhu.
Kakata Dudu Makka ta nufa da ƙafa,
ta tsaya tsinkar auduga kaka ɗaya
don ta samu kuɗin jirgin ruwa.
Kakar nan ba ta ƙare ba har aka kai ta makwanci.
Ita ce malamata ta fari:
da zane ɗaya takan zama alƙali, ta zama mai ƙara,
ta zama akuyar da ake shari'a a kanta.
Ba wanda ya taɓa biyan ta ko da goro.

Wani yaro ɗan jarida ya tambaye ni me nake saurare.
Na ce udu, kuma ban yi ƙarya ba,
da safe yana tafiya da kofi mai citta.
Dalluka ma, in ana biki a layinmu, kafaɗata ba ta neman izini.
Kiɗan da 'yata Hansatu ke kunnawa a waya
ina zaginsa da baki
ƙafata na amsa masa ƙarƙashin tebur.
Abin da ban gaya wa yaron ba
wani kaset ne da ba shi da suna,
garaya ce, da muryar tsoho mai tari a tsakiyar baiti.
Zaren ya tsinke sau uku, na haɗa da jan farce.
Tarin nan nake jira.
Irin na babana ne, in ya dawo su da asuba.

Gobe ma mai gadi ne.
Kalma biyu aka ba ni: "Wane ne?"
Jiya da na faɗe su, Larabcin ya zame,
wata tsohuwa a layi na uku ta ɗago kai,
ta ce, ba da ƙarfi ba, "Sannu, ɗan gida."

Ustaz ya rasu shekara tara ke nan.
Gobe ba zan wanke komai ba.